Matatar Hayaƙin Mota: Doka Biyu A Amurka, Mu Kuwa Fa?

A cikin watan Nuwamba na shekarar 2022 ne Ma'aikatar Shari'a ta ƙasar Amurka ta ba da sanarwar cewa jami'anta sun kama mutum 21 a jihohi biyar, bisa zargin sun ƙulla wata babbar ƙungiya ta sata da sayen kayan sata. Abin da ake sacewar kuwa wani ɗan tulun ƙarfe ne da ke maƙale a ƙarƙashin mota, tsakanin inji da salansa, wanda galibin masu motoci ba su taɓa sunkuyawa sun dube shi ba tun ran da suka sayi motar. Bisa ga takardun da aka gabatar wa kotu, wani kamfani guda ɗaya a Jihar Niyu Jasi ya karɓi kuɗi fiye da Dala miliyan 545 daga sayar da garin da ya ke kankarowa daga cikin waɗannan tuluna. A wannan shekara kaɗai, ƙungiyar da ke bin diddigin laifuffuka a madadin kamfanonin inshora na Amurka ta ƙidaya sata irin wannan fiye da dubu 64.

Wannan tulu shi ne za mu kira matatar hayaƙi a cikin wannan sharhi. Kanikawanmu na Kano da Kaduna da Ikko sun riga sun raɗa masa nasu suna, Indomie su ke ce masa, saboda abin da ke cikinsa ya yi kama da curin taliyar nan kafin a jefa ta a ruwan zafi. Labarin sata shi ya fi jan hankalin jaridu, amma akwai wata magana a bayansa wadda ta fi shi nauyi. Bayan an sace matatar, ko bayan ta asalin ta mutu don tsufa, mece ce za a sa a gurbinta, kuma wa ke da ikon cewa wadda aka sa ɗin ta isa? A kan wannan tambaya Amurka ta rabu biyu, har ta kasance tana da doka biyu masu ƙarfi dabam-dabam a cikin ƙasa ɗaya. Tun da ya ke kuwa motocin da Amurkawa da Turawa suka gama yayinsu su ne ke cika jiragen ruwan da ke sauka a Ikko da Kwatano, ya kamata mai karatu ya san yadda maganar ta ke.

Bari mu fara da aikin da matatar ke yi. Injin fetur ba ya ƙone mai ƙurmus, saboda haka abubuwa uku masu cutarwa ke fita ta salansa. Na farko iskar nan mai kisa wadda ba ta da wari ko launi, watau kabon monoksaid, irin wadda ke hallaka iyali idan suka kwana da janareto a cikin ɗaki. Na biyu ɗanyen fetur da bai ƙone ba. Na uku kuwa naitirojin oksaid, wadda tsananin zafin inji ke haifarwa, ita ce ke cin huhu ta kuma tayar wa masu asma ciwonsu. A cikin tulun akwai wani curi na yumɓu mai ramuka kamar saƙar zuma, ramuka 400 ko fiye a kowane murabba'in inci, an shafe bangon kowane rami da wani irin kwaɓi, sa'an nan an barbaɗa masa wasu ƙarafa uku masu tsadar gaske, watau filatinam da faladiyam da rodiyam. Duka-duka nauyinsu a mota guda bai wuce 'yan giram ba. Idan tulun ya ɗauki zafi kamar digiri 250 zuwa 300 a ma'aunin Selshiyas, hayaƙin da ke ratsa ramukan ya kan gogi waɗannan ƙarafa, sai gubar ta juye ta zama tururin ruwa da naitirojin da kabon dayoksaid. Su ƙarafan ba sa ƙarewa a cikin wannan aiki, kamar dillali su ke, su haɗa ciniki su koma gefe su jira na gaba. Matata ta asali, lafiyayya, a cikin motar zamani, tana kawar da fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗannan guba uku.

ASALIN DOKA

Maganar ta samo asali ne daga birnin Los Anjalis na Jihar Kalifoniya. Tun daga shekarar 1943 wani irin hazo mai sa idanu hawaye ya riƙa lulluɓe birnin, jama'a suka yi ta ɗora laifin a kan masana'antu, har sai da wani masanin kimiyya haifaffen ƙasar Holan, mai suna Arie Haagen-Smit, ya nuna a farkon shekarun 1950 cewa hayaƙin motoci ne ke haɗuwa da hasken rana ya haifar da shi. A shekarar 1967 Gwamna Ronald Reagan ya sa hannu a dokar da ta kafa hukumar kula da iska ta jihar, wadda aka fi sani da CARB, kuma shi Haagen-Smit ɗin ne shugabanta na farko. Da ya ke Kalifoniya ta riga Gwamnatin Tarayyar Amurka fara wannan aiki, sai Majalisar Dokokin ƙasar ta bar mata damar kafa ƙa'idodin da suka fi na tarayya tsanani, a shekarar 1977 kuma aka yarje wa sauran jihohi su bi nata idan sun ga dama. A nan ne tushen rabuwar ya ke.

A ƙarshen shekarar 1970 Shugaba Richard Nixon ya sa hannu a dokar tsabtace iska wadda ta tilasta wa kamfanonin ƙera motoci su rage gubar hayaƙi da kashi 90 cikin 100 a cikin 'yan shekaru. Kamfanonin suka yi ta kukan abin ba zai yiwu ba, amma daga motocin shekarar 1975 sai ga matatar ta bayyana a ƙarƙashin galibin motocin Amurka. Dabarar ba sabuwa ba ce, domin wani injiniya haifaffen Faransa, Eugene Houdry, ya yi rajistar irinta tun a shekarun 1950. Abin da ya hana ta aiki a zamaninsa shi ne darmar da ake zubawa a fetur, wadda ke rufe fuskar ƙarafan nan ta kashe su nan da nan. Sai da aka samar da fetur marar darma sa'an nan matatar ta zauna da gindinta. Ƙasashen Turai kuwa ba su wajabta ta a kan dukkan sababbin motocin fetur ba sai a shekarar 1993.

To, da motocin farko suka tsufa sai wata matsala ta taso. Matatar asali daga kamfanin da ya ƙera motar tana da tsada ƙwarai, har wani lokaci kuɗinta ya kusa kai kuɗin tsohuwar motar kanta. Mutane da yawa sai su sa a yanke ta, a yi waldar bututu a wurin, su kama gabansu. Ganin haka ne hukumar kare muhalli ta tarayya, watau EPA, ta fito da wata manufa a cikin watan Agusta na shekarar 1986, wadda ta buɗe wa wasu kamfanoni ƙofa su ƙera matatun canji masu rahusa. Sharaɗin da ta gindaya shi ne, bayan tafiyar mil 25,000, watau kamar kilomita 40,000, matatar ta kasance tana kawar da kashi 70 cikin 100 na ɗanyen fetur, da kashi 70 na kabon monoksaid, da kashi 30 kacal na naitirojin oksaid. An kuma ce kwanon tulun da bututansa su kasance da garanti na shekara biyar ko mil 50,000. Makaniken da ya sa ta wajibi ne ya ajiye takardun aikin wata shida, ya kuma ajiye tsohuwar da ya cire kwana 15 ko da jami'i zai zo dubawa.

Lissafin hukumar a lokacin ba na wauta ba ne. Ta duba ta ga da babu gara ba daɗi, matata mai rauni ta fi bututu fanko. Sai dai an rubuta waɗannan lambobi ne don motocin zamanin kafireta, ga shi kuwa motoci sun ci gaba da canzawa, lambobin suna nan inda aka bar su. Mai karatu ya yi lissafin da kansa. Idan matatar asali tana barin kashi biyar na guba ya fita, ta canji kuwa doka ta yarje mata ta bar kashi 30, to, an ninka gubar motar sau shida ke nan, ba tare da kowa ya karya doka ba. A wajen naitirojin oksaid abin ya ma fi haka muni, tun da kashi 70 ne aka yarda ya wuce. Gaskiya ne kamfanoni masu mutunci su kan ƙera abin da ya fi wannan mizani, musamman don motocin da aka yi daga shekarar 1996, amma kasuwa ce ta tilasta musu, dokar ba ta nema ba. A watan Disamba na shekarar 2020 hukumar EPA da kanta ta nemi jama'a su ba ta shawara ko ta janye manufar nan ta 1986, wanda ya nuna ita ma ta san rigar ta yi wa mai ita kaɗan.

Kalifoniya ba ta jira ba. A shekarar 2008 ta hana sayar da tsofaffin matatu da aka ciro daga wasu motoci, daga ranar 1 ga Janairu 2009 kuma ta kafa sabuwar ƙa'ida a kan matatun canji. Ta bar zancen kashi kaza cikin ɗari gaba ɗaya. Abin da ta ce shi ne, motar da aka sa wa matatar canji dole ne hayaƙinta ya tsaya a kan mizanin da aka ƙera ta da shi tun farko, har tsawon shekara biyar ko mil 50,000, kuma garantin ya haɗa da aikin matatar, ba kwanonta kaɗai ba. Kowace matata sai an gwada ta, an ba ta lambar izini wadda za a buga a jikin tulun, an kuma rubuta ainihin irin motoci da injinan da aka yarda a sa musu ita. Jami'in da ke gwajin hayaƙi ya kan leƙa ƙarƙashin mota ya karanta lambar, idan ba ta dace da motar ba, ko da hayaƙin ya fita fes, motar ta faɗi, ba za a sabunta mata lasin ba. Jihar Niyu Yok ta bi sahu tun a 2013, ta kuma ƙara faɗaɗa dokar a farkon 2023. Jihar Maine ta shiga a 2018, Jihar Kolarado kuma a 2021. Saboda haka mutum biyu masu mota iri ɗaya, ɗaya a birnin Denba ɗaya a ƙetaren iyakar jihar, kowa da irin matatar da doka ta halatta masa.

INDA BAMBANCIN YA KE

Idan aka ajiye matatun nan uku a kan tebur, ta asali da ta Kalifoniya da ta tarayya, wanda bai san kan abin ba zai rantse duk ɗaya ne. Bambancin a ciki ya ke, kuma mafi girmansa shi ne yawan ƙarfe mai tsada da aka barbaɗa. A nan ne kuɗin ya ke, a nan ne kuma mai son riba ya kan yi ƙwauro, domin ba wanda ke iya gani da ido. A cikin watan Maris na 2021 kuɗin rodiyam ya kai kusan Dala 29,000 kowane oza, watau ya ninka zinariya fiye da sau goma. Wajen kashi 80 cikin 100 na rodiyam ɗin duniya daga Afirka ta Kudu ya ke fitowa, Rasha kuwa ita ke haƙo kamar kashi 40 na faladiyam, shi ya sa kuɗinsa ya haura Dala 3,000 a watan Maris na 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Yukuren. Daga baya farashin ya sauko ƙwarai, satar ma ta lafa a Amurka, amma darasin ya rage: duk ranar da kuɗin ƙarafan nan ya tashi, ɓarawo ya kan ƙaru a titi, ƙarfe kuma ya kan ragu a cikin matata mai araha. Shi rodiyam shi ne ke yaƙi da naitirojin oksaid, shi ne kuma mafi tsada, saboda haka ba abin mamaki ba ne da ya zama a nan ne mizanin tarayya ya fi sassauci.

Bayan ƙarafan akwai girman curin yumɓun da yawan ramukansa, domin ƙaramin curi ba ya ba hayaƙi lokacin da zai gogi bango sosai kafin ya fice. Akwai kuma shi kwaɓin da aka shafa, wanda a cikinsa ake sa wani sinadari mai suna seriya, mai ajiye iskar oksijin ya sake ta lokacin da ake bukata. Matatar nan ba ta aiki daidai sai inji yana haɗa iska da fetur a kan ma'auni, kamar kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na fetur, shi kuwa inji kullum yana ɗan kaucewa hagu da dama, seriyar ce ke cike giɓin. Sa'an nan akwai shimfiɗar da ke riƙe curin a cikin tulu. Idan ta banza ce, sai curin ya fara girgiza a kan hanya mai gargada, ya farfashe, mai mota ya riƙa jin ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Har ila yau akwai bambanci tsakanin wadda aka ƙera daidai da jikin mota kaza, a ɗaure ta da noti, da wadda ake cewa ta dace da kowace mota, a yanka bututu a yi mata walda. Matata tana bukatar zafi da wuri, idan aka ja ta nesa da inji ko da kamu ɗaya ne, minti na farko bayan tayar da mota, lokacin da guba ta fi yawa, ya kan wuce ba ta fara aiki ba.

Daga shekarar 1996 Amurka ta wajabta wa kowace sabuwar mota ta kasance da kwamfutar da ke lura da lafiyar matatarta. Ana sa ma'aunin oksijin ɗaya a gabanta ɗaya a bayanta, idan na baya ya fara kwaikwayon na gaba, kwamfutar ta gane matatar ta daina riƙe komai, sai ta kunna fitilar nan mai siffar inji a gaban direba. Makaniken da ya jona na'urarsa zai ga lamba P0420. Wannan fitila ita ce ta fi kowane jami'i tona asirin matata marar kyau: a sa ta yau, fitila ta mutu, bayan wata shida ko shekara ta dawo. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Sai dai ɗan Adam ba ya rasa dabara. Akwai wani ɗan bututu da ake ɗaurawa a ja ma'aunin baya daga hanyar hayaƙi don kada ya ji komai, akwai kuma masu shiga kwamfutar su share tambayar baki ɗaya. Fitila ta mutu, mai mota ya yi murna, guba kuwa tana nan tana fita a fuskar wanda ke bayansa. Tun daga gyaran dokar da aka yi a 1990, cire matata ko yi mata irin wannan zagon ƙasa laifi ne a Amurka, ko da mai motar ne da kansa ya aikata.

Ba daidai ba ne kuma a ɗora kowane laifi a kan kamfanin da ya ƙera matatar canji. Matata ba ta cika mutuwa haka kawai ba, galibi kashe ta ake yi. Fulogi guda idan ya daina ba da wuta, ɗanyen fetur zai gangara ya ƙone a cikin tulun har yumɓun ya narke ya toshe hanya. Injin da ke shan baƙin mai yana shafa mata sinadarai masu rufe fuskar ƙarafan, haka nan ruwan lagireto idan ya sami hanyar shiga inji. Wanda ya sa sabuwa bai gyara abin da ya kashe tsohuwar ba, ko ta asali ya saya, kuɗinsa ya zubar.

Masu adawa da tsarin Kalifoniya suna da hujjar da ba a iya turewa da hannu ɗaya. Sababbin motoci a Amurka suna da garantin shekara takwas ko mil 80,000 a kan matatarsu, saboda haka mai sayen ta canji da kuɗin aljihunsa shi ne mai tsohuwar mota, watau galibi talaka, wanda motar ce ke kai shi wurin aiki. Matata mai lambar Kalifoniya ta fi ta tarayya tsada nesa ba kusa ba, ga wasu motoci da ba su da yawa a kasuwa kuma ba kamfanin da ya ɓata kuɗinsa ya nemi lambar, sai dai mutum ya koma ga ta asali ko ya sayar da motar ga 'yan gwangwan. Ga kuma wanda aka yi wa sata, an cuce shi da dare, da safe doka ta ce ya sayi mafi tsada. A namu ganin, duk da haka, Kalifoniya ce ta fi kusa da gaskiya. Ragin da mai mota ya samu a wajen mai sayar da kaya ba ɓacewa ya ke yi ba, wani ne ke biya da huhunsa, kuma unguwannin da ke bakin manyan hanyoyi su ma na talakawa ne. Inda tsarin ke bukatar gyara shi ne wajen taimakon marasa hali su iya saye, ba wajen sassauta mizani ba. Turai ma wannan hanya ta ɗauka: ƙa'ida mai lamba 103 ta hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da tattalin arzikin Turai ta ce a gwada matatar canji a kwatanta ta da ta asali, a Ingila kuma motar da aka yi wa rajista daga ranar 1 ga Maris 2001 ba a sa mata sai mai hatimin amincewa.

MU KUWA FA?

Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana a cikin rahotonta na Oktoba 2020 cewa daga 2015 zuwa 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufo. Masu binciken gwamnatin Holan ma sun duba motocin da ke jiran jirgi zuwa Afirka ta Yamma, suka tarar galibinsu sun yi shekara 16 zuwa 20, wasu kuma an riga an yanke musu matata tun kafin su bar Turai. Wadda ta tsallake wannan, tana da sauran shingaye a gabanta: tashar jiragen ruwa, da filin dillalai, da wurin wankin mota, da gareji. Duk mai tsohuwar mota a ƙasar nan ya san ana gargaɗin mutum kada ya bar motarsa ta kwana a hannun wanda bai yarda da shi ba, don kada a fasa tulun a kwashe cikinsa a mayar da kwanon kamar ba a taɓa ba. Akwai ma masu motocin da su da kansu ke sayarwa, wai an ce musu cirewa na ƙara wa mota ƙarfi. Wannan magana gaskiya ce ga matatar da ta narke ta toshe kaɗai; lafiyayya ba ta tauye wa mota wani ƙarfin a zo a gani.

Wanda ya nemi ta canji a Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Panteka ta Kaduna, ko Ladipo ta Ikko, zai tarar da wadda aka ciro daga tsohuwar mota, wadda ake kira 'yar Beljiyam, da kuma sabuwa fil a kwali wadda ba wanda zai iya gaya masa ko akwai ƙwayar rodiyam ɗaya a cikinta. Abin dariya, abin takaici, tsohuwar da Kalifoniya ta haramta tun 2008 sau da yawa ita ce mafi inganci a kasuwarmu, muddin dai ba a riga an kwashe cikinta ba. Watau Amurkawa suna gardama a kan kashi 70 da kashi 95, mu kuwa mai saye ba shi da wata lamba da zai karanta a jikin tulu ya san abin da ya biya.

Ba wai ba mu da dokoki a takarda ba. An kafa hukumar NESREA a 2007, ta kuma fitar da ƙa'idodin hayaƙin motocin fetur da na gas a 2011. A shekarar 2020 ƙasashen ƙungiyar ECOWAS suka amince cewa daga Janairu 2021 duk motar da za a shigo da ita ta kai mizanin Turai mataki na huɗu, man da za a sayar kuma kada farar wutar da ke cikinsa ta wuce kashi 50 cikin miliyan. Waɗannan biyu tare su ke tafiya, domin farar wuta tana dakushe matata, ko da ya ke ba ta kashe ta har abada kamar darma. Ita darma ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina zuba ta a fetur tun farkon 2006, Aljeriya kuma ta zama ta ƙarshe a duniya a 2021. Maganar farar wuta ce ta daɗe tana jan ƙafa. Bayan da wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan ta fallasa a 2016 irin gurɓataccen man da 'yan kasuwar Turai ke haɗawa musamman don Afirka ta Yamma, Nijeriya da Gana da Benin da Togo da Kwaddibuwa suka yi alkawari a Abuja za su daina karɓa. Gana ta cika nata a 2017, namu wa'adin kuwa aka yi ta ɗagawa. Daga baya Holan a 2023 da Beljiyam a 2024 suka hana fitar da irin wannan mai daga tashoshinsu, matatar man Ɗangote kuma ta fara sayar da fetur a watan Satumba na 2024. Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS a watan Janairu na 2025 ta ƙara wa lamarin wani ƙulli, tun da motoci da kayan gyaransu ba su daina ratsa iyakar Maraɗi da Katsina ba.

Abin da ake asara ba ƙarami ba ne. Wani bincike na Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iska ta yi sanadin mutuwar mutum 11,200 a Ikko a cikin shekarar 2018, kashi 60 cikin 100 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, ya kuma sa motoci a sahun gaba wajen haddasa ta. Duk wanda ya tsaya a shataletalen Ɗangi ko bakin kasuwar Sabon Gari da yamma a lokacin hunturu, sa'ad da ƙura ta danne hayaƙi ta hana shi tashi, ba ya bukatar Bankin Duniya ya gaya masa abin da 'yan sandan hanya da masu talla ke shaƙa.

Ba muna cewa a kwaso dokar Kalifoniya a dasa a Kano ba, don kuwa idan aka ce yau duk motar da ba ta da cikakkiyar matata ta sauka daga titi, gobe ba mai zuwa kasuwa. Amma akwai wuraren da gwamnati ke da hannu tun yanzu. Motar da ta sauka a tashar Tin Can tana tsaye a gaban jami'in kwastan, duba ƙarƙashinta da jona mata na'ura ba zai ci rabin sa'a ba, kuma ta haka ne za a daina karɓar wadda aka yashe tun daga ƙetare. Hukumar SON, wadda ke tantance ingancin kayan da ake shigowa da su, tana iya cewa ba matatar canjin da za ta shigo sai mai ɗauke da hatimin Turai ko lambar wata hukuma da aka sani, tun da gwajin an riga an yi shi a can, namu karantawa ne kawai. Masu sayen garin matata don fitar da shi waje kuwa ba su da yawa kamar masu sacewa, idan aka wajabta musu rajista da rubuta lambar motar da kowane tulu ya fito, kamar yadda jihohin Amurka da dama suka yi bayan 2021, kasuwar dare za ta ragu. Sa'an nan jami'an duba motoci na jihohi, waɗanda ke ba da takardar lafiyar mota kowace shekara, su fara da motocin gwamnati da na manyan kamfanoni, su sa ma'auni a bakin salansa, su kuma buga sakamakon a jarida.